Baƙo a kan kujerar Sufeto Janar: Keith Biddle da sake gina ƴan sandan Saliyo (1998-2003)

Taƙaitawa

Daga Nuwamba 1999 zuwa tsakiyar 2003, wani Bature ɗan Ingila mai suna Keith Biddle ne ya riƙe muƙamin Sufeto Janar na ƴan sandan Saliyo, ƙasar da ta sami mulkin kanta tun 1961. Wannan maƙala tana bin sawun aikinsa. Tana neman ta nuna cewa baƙuncinsa ne ya ba shi damar taɓa abubuwan da ɗan ƙasa bai iya taɓawa a wancan lokaci, kuma wannan dama ba ta zama abin gado ga waɗanda suka biyo bayansa ba.

0. Gabatarwa

Tun daga ƙarshen shekarun 1980, aika ƴan sanda zuwa ƙasashen da suka fito daga yaƙi ya zama wani fanni na musamman cikin ayyukan kiyaye zaman lafiya. Idan muka duba tarihin fannin za mu ga hanyoyi uku da aka fi bi. A Namibiya, cikin 1989 da 1990, ƴan sandan Majalisar Ɗinkin Duniya kimanin 1.500 sa ido kawai suka yi a kan ƴan sandan da ke wurin. A Bosniya, daga 1996, an haɗa sa ido da horarwa da tace ma'aikata. A Kosobo da Timo ta Gabas kuwa, cikin 1999, baƙin ne da kansu suka karɓi ikon kame da bincike, domin hukumar ƙasar gaba ɗaya tana hannun Majalisar.

Abin da ya faru a Saliyo bai shiga ko ɗaya daga cikin ukun ba. Shugaban ƙasa zaɓaɓɓe, Ahmad Tejan Kabbah, shi ne ya ɗauki muƙamin da tsarin mulkin 1991 ya tanada, wanda ya yi daidai da abin da muke kira Darakta Janar na ƴan sanda, ya damƙa shi ga wani tsohon jami'i na ƙasar da ta yi musu mulkin mallaka. Mutumin ya sa kakin ƴan sandan Saliyo, ya yi aiki da dokokin Saliyo, yana ba da rahoto ga gwamnatin Saliyo, alhali kuɗin aikin daga Landan suke fitowa.

Tambayar da muke so mu amsa ita ce: mene ne wannan baƙo ya iya yi saboda shi baƙo ne, kuma mene ne ya rage bayan tafiyarsa? Za mu fara da gadon da ya tarar, sa'an nan mu dubi mutumin da aikinsa, daga bisani mu auna abin da ya biyo baya. Da yake fanninmu kimiyyar harshe ne, za mu riƙa tsayawa a kan sunaye da kalmomi, domin a wannan tarihi an sha sauya suna, kuma sauyin suna yakan nuna inda aka so a je ko da ba a isa ba.

1. Gadon da aka tarar

1.1. Zamanin Turawa

Ingilishi sun mulki Saliyo a matsayin ƙasa biyu: birnin Firitawun da kewayensa, wanda ke ƙarƙashin dokar Ingila kai tsaye, da kuma cikin ƙasa, wanda aka ayyana a matsayin yankin kariya cikin 1896, aka bar shi a hannun sarakuna. Cikin 1890 aka kafa «ƴan sandan iyaka», runduna mai bindiga wadda aikinta ya fi kusa da na soja. Lokacin da aka ɗora harajin ɗaki, su aka tura karɓa, kuma zaluncinsu yana cikin dalilan tawayen 1898 wanda Bai Bureh ya jagoranta a arewa. David Chalmers, wanda gwamnatin Ingila ta aiko ya binciki tawayen, ya ɗora laifi a kan harajin da kuma halin wannan runduna.

Bayan haka, tsaron cikin ƙasa ya koma hannun masinjojin kotu da ƴan sandan sarakuna, waɗanda za mu iya kwatantawa da dogarai da ƴan doka na ƙasar Hausa. Sai cikin shekarun 1950 ne ƴan sandan gwamnati suka bazu zuwa cikin ƙasa. Ke nan a ranar samun mulkin kai, 27 ga Afrilu 1961, mafi yawan talakawa sarki suka sani a matsayin mai raba gardama, ɗan sanda kuwa sabon abu ne da ya zo daga babban birni.

1.2. Zamanin Siaka Stevens

Siaka Stevens ya hau mulki cikin 1968, ya mai da ƙasar ta jam'iyya ɗaya cikin 1978, ya sauka cikin 1985. Da yake sojoji sun taɓa hana shi hawa mulki cikin 1967, bai amince da su ba. Saboda haka a farkon shekarun 1970 ya kafa wani sashe mai ɗauke da makamai a cikin ƴan sanda, wanda ƴan Kuba suka horar, aka kira shi Sashen Tsaron Cikin Gida. Haruffan farko na sunan, I.S.U., idan aka furta su da Ingilishi, sukan yi amo ɗaya da jimlar da ke nufin «na harbe ka», kuma haka mutanen Firitawun suka riƙa fassara su. Da aka sauya sunan ya koma S.S.D., wato Sashen Tsaro na Musamman, sai jama'a suka sake warware haruffan da nasu salo: «karnukan Siaka Stevens». Wannan sashe ne aka yi amfani da shi wajen murƙushe zanga-zangar ɗalibai ta 1977.

A nan muna ganin yadda talakawa suke ƙwace sunan hukuma su mai da shi hukunci. Gwamnati ta sauya haruffa, jama'a suka bi ta da sabuwar fassara, domin halin masu kakin bai sauya ba.

A wannan zamani kuma aka shigar da shugaban ƴan sanda da na soja cikin majalisar dokoki ta hanyar naɗi. Ɗaukar aiki da ƙarin girma suka dogara ga wanda ya san wani babba a jam'iyya. Haɗarin da ke cikin wannan kusanci ya bayyana cikin Disamba 1992, lokacin da gwamnatin soja ta Valentine Strasser ta harbe tsohon Sufeto Janar, Bambay Kamara, tare da wasu mutane, bisa zargin shirya juyin mulki.

1.3. Yaƙi

Yaƙin basasa ya fara cikin Maris 1991, sa'ad da mayaƙan R.U.F. na Foday Sankoh suka shigo daga Laberiya. An zaɓi Kabbah cikin 1996. Sojoji suka kifar da shi ranar 25 ga Mayu 1997 suka haɗa kai da ƴan tawaye. Dakarun Ekomog, waɗanda mafi yawansu ƴan Nijeriya ne, suka mai da shi kan mulki cikin Maris 1998. Ranar 6 ga Janairu 1999 ƴan tawaye suka sake faɗa wa Firitawun, suka ƙone ofisoshin ƴan sanda, har da hedkwatar sashen binciken laifuka da takardun da ke ciki. An ƙiyasta cewa ƴan sanda kimanin 900 aka kashe a tsawon yaƙin, kuma yawansu ya faɗo daga sama da 9.300 zuwa kimanin 6.600. Waɗanda suka rage, da yawansu ba su da kaki, ba mota, ba rediyon sadarwa, wani lokaci ko takardar rubuta ƙara babu.

2. Mutumin da hanyar da ta kai shi Firitawun

Keith Biddle ɗan sandan bincike ne wanda ya yi aiki a Mancesta, ya riƙe babban muƙami a rundunar gundumar Kent, sa'an nan ya shiga hukumar da ke duba ayyukan rundunonin ƴan sandan Ingila. Ya kamata mu lura da wannan mataki na ƙarshe: aikin mai duba rundunoni shi ne auna tsari, kasafi, muƙamai da ladabtarwa, kuma waɗannan ne abubuwan da ya fi mai da hankali a kansu daga baya. Shigarsa aikin ƙasa da ƙasa ta fara ne a Afirka ta Kudu, inda ya kasance mai ba da shawara a lokacin zaɓen 1994, sa'ad da ake neman hanyar mai da ƴan sandan wariyar launin fata su zama na kowa.

Cikin 1998, bayan dawowar Kabbah, ƙungiyar Kwamanwel ta aika da wata tawagar ƙwararru domin taimakon ƴan sandan Saliyo, da kuɗin ma'aikatar raya ƙasashe ta Ingila. Biddle ne shugaban tawagar, tare da shi akwai Adrian Horn, wani tsohon jami'in Ingila. Cikin Agusta na wannan shekara Kabbah ya fitar da wata takardar alkawari wadda ta bayyana abin da gwamnati da ƴan sanda da jama'a suke bin juna. Harin Janairu 1999 ya katse aikin. Bayan yarjejeniyar Lome ta 7 ga Yuli 1999 aka ci gaba, kuma cikin Nuwamba Kabbah ya naɗa Biddle Sufeto Janar.

Me ya sa ya yi haka? Manyan jami'an da ke layin gado sun taso ne cikin tsarin jam'iyya ɗaya, kowanne da ubangidansa da ɓangarensa, wasu kuma ana zarginsu da yi wa gwamnatin soja ta 1997 aiki. A siyasar Saliyo, jam'iyyar S.L.P.P. ta Kabbah tana da ƙarfi a kudu da gabas, ƙasar Mende, jam'iyyar A.P.C. kuwa a arewa, ƙasar Temne da Limba. Duk ɗan ƙasar da aka naɗa, za a karanta naɗin da wannan ma'auni. Bugu da ƙari, Kabbah ya daɗe yana aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya kafin ya shiga siyasa, ya kuma san cewa masu ba da agaji sun fi sakin kuɗi idan nasu ne ke riƙe da jaka. Ba a kan ƴan sanda kaɗai ya bi wannan hanya ba: shugabancin rundunar soja ma ya ba wa wani hafsan Nijeriya, Maxwell Khobe, wanda ya riƙe shi har rasuwarsa cikin Afrilu 2000. Wato a wani ɗan lokaci, manyan kujerun tsaro biyu na ƙasar duka suna hannun baƙi.

3. Aikin shekaru huɗu

3.1. Muƙamai da mutane

Abin da Biddle ya fara taɓawa shi ne tsanin muƙamai. Ya tarar da matakai masu yawa, waɗanda aka yi ta ƙarawa domin saka wa magoya baya, har ya zama masu ba da umurni sun yi wa masu aiki yawa. Ya rage su da kusan rabi, ya soke wasu ƙananan muƙamai irin su kofur. Waɗanda aka cire wa igiya sun ji zafi, kuma ƙorafin ya daɗe a bariki. Sa'an nan ya tsallake tsofaffin manya ya ɗauko matasan jami'ai masu ilimi, aka riƙa tura su kwalejin manyan ƴan sanda ta Bramshill a Ingila. Ya kafa kwamitin zartarwa wanda ke zama a yanke shawara tare, maimakon kowane lamari ya jira sa hannun mutum ɗaya. Ya kuma kafa sashen karɓar ƙorafin jama'a da ladabtar da ƴan sanda.

A nan ne amfanin baƙunci ya fi fitowa. Jami'in da aka tsallake ba shi da wata ƙofar baya da zai bi: Sufeto Janar ba shi da ƙanen uwa a majalisa, ba ya cikin ƙungiyar asiri ta kowane gari, ba ya neman kujera bayan ritaya. Minista ma idan ya matsa masa, ya san cewa bayan mutumin akwai ofishin jakadancin Ingila da kuɗin da ke sayen motoci. Daga 2000, wani babban shiri mai suna C.C.S.S.P., wanda Horn ya jagoranta, ya kawo ɗaruruwan motoci da babura, da kaki, da na'urorin sadarwa, aka kuma farfaɗo da makarantar horar da ƴan sanda ta Hastings.

3.2. «Buƙatun wuri» da matsalar harshe

Aƙidar da aka ɗora gyaran a kanta an ba ta suna da Ingilishi wanda za mu iya fassarawa da «aikin ɗan sanda bisa buƙatun wuri». Ma'anarta ita ce kowane yanki ya sami irin tsaron da mutanensa ke buƙata, muddin bai saɓa wa ƙa'idojin ƙasa ba. An raba ƙasar zuwa rassa, aka ba shugaban kowane reshe ikon tsara aikinsa. Da farko a Firitawun kawai aka iya gwadawa, domin garuruwa irin su Makeni da yankin lu'ulu'u na Kono suna hannun ƴan tawaye har 2001. Daga 2002 aka fara kafa kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin ƴan sanda da mazauna wuri.

An kuma ƙirƙiro take wanda ke cewa ƴan sanda «ƙarfi ne domin alheri». Kalmar Ingilishi da aka yi amfani da ita tana da fuska biyu: tana nufin runduna, tana kuma nufin ƙarfi ko tilas. A wasu ƙasashe an guje mata gaba ɗaya. Afirka ta Kudu cikin 1995, da Ailan ta Arewa cikin 2001, sun sa kalmar da ke nufin hidima a cikin sunan ƴan sandansu. A Saliyo an riƙe tsohuwar kalma aka yi mata ado. Mu da muke kiran wannan ma'aikaci «ɗan sanda», wato muka raɗa masa suna da abin dukan da ke hannunsa, ba za mu yi mamakin nauyin irin wannan kalma ba.

Amma akwai matsala da ta fi take zurfi. Aƙidar buƙatun wuri tana tsaye ne a kan magana: sai an faɗi buƙata kafin a biya ta. Harshen hukuma a Saliyo Ingilishi ne, harshen kasuwa da bariki Kiriyo, harsunan gida kuwa Mende, Temne, Limba, Kono da sauransu. A ofishin ƴan sanda, abin da muke kira komisariya, mai ƙara yakan yi bayani da Kiriyo ko da harshensa, ɗan sanda ya rubuta da Ingilishi, ya karanta masa ya fassara, shi kuma ya dangwala yatsa. Mai karatu a ƙasarmu ya san irin wannan, da Faransanci a madadin Ingilishi. Tsakanin bakin mai ƙara da takardar da za ta je gaban alƙali akwai fassara biyu, kuma duka suna hannun ɗan sanda. Gyaran ya kawo motoci da tsari, wannan gibi kuwa ya bar shi yadda yake.

Haka nan, wa ke magana da sunan «wuri»? Binciken da Peter Albrecht ya yi a yankin Kono, da na Bruce Baker a sassa daban-daban, sun nuna cewa a karkara mafi yawan rigingimu, na gona ne ko na aure ko na bashi, wurin sarakuna da shugabannin ƙungiyoyi ake kai su, kuma kwamitocin haɗin gwiwa sau da yawa mutanen fada ne suka cika su. A lokacin ƙasar tana da masarautu 149. Ƴan sanda ƴan dubbai ba su isa su maye gurbinsu ba, sai dai su yi aiki ta hannunsu. Abin lura shi ne, cikin dalilan da suka tura matasa ga tawaye, masu bincike da yawa sun ambaci tarar da kotunan sarakuna ke ɗora musu ba bisa ƙima ba.

3.3. Sashen iyali

Cikin abubuwan da aka kafa, wanda ya fi samun karɓuwa bai zo daga Landan ba. Wata jami'a ƴar ƙasa, Kadi Fakondo, wadda ke shugabantar reshen Kissy a gabashin Firitawun, ta ga yawan matan da ke zuwa da ƙarar duka da fyaɗe bayan harin 1999, ta buɗe musu wani ɗan ofishi na musamman. Biddle ya ɗauki wannan tunani ya ba shi gindi, cikin 2001 ya zama Sashen Tallafa wa Iyali, inda ƴan sanda ke aiki tare da ma'aikatan jin daɗin jama'a, aka kuma buɗe rassansa a larduna. Dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007 da dokar laifukan jima'i ta 2012 sun zo sun tarar da ma'aikatar da za ta zartar da su. A ganinmu wannan misali yana nuna inda baƙo ya fi amfani: ya gane abin da ɗan ƙasa ya riga ya fara, ya kare shi daga masu hana ruwa gudu.

3.4. Rundunar bindiga

Mun ga yadda jama'a suka tsani S.S.D. A farkon gyaran an yi tunanin rusa shi. Sai dai a harin Janairu 1999, lokacin da wani ɓangare na sojojin ƙasa ke tare da ƴan tawaye, mutanen wannan sashe suna cikin waɗanda suka tsaya suka kare birnin. Cikin Mayu 2000 kuma R.U.F. ta kame sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kimanin 500, har Ingila ta aiko da dakarunta, aka kama Sankoh ranar 17 ga wata. A irin wannan hali Biddle ya yanke shawarar riƙe sashen. Aka sake horar da shi, aka ba shi makamai, aka sake sauya masa suna ya koma O.S.D., wato Sashen Tallafa wa Ayyuka.

Domin mu fahimci wannan shawara, sai mu tuna cewa tsarin Ingilishi ba shi da jandarma. A ƙasashen da suka gaji Faransa akwai runduna tsakanin ɗan sanda da soja. A Saliyo ɗan sanda na yau da kullum ba ya ɗaukar bindiga. Idan tarzoma ta fi ƙarfinsa, ko dai a kira soja, wanda ya yi juyin mulki cikin 1967, 1968, 1992, 1996 da 1997, ko kuwa a sami sashe mai makami a cikin ƴan sanda. Biddle ya zaɓi na biyu, domin tsaron cikin gida ya zauna a hannun farar hula. Zuwa tsakiyar shekarun 2000, O.S.D. ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƴan sandan ƙasar, waɗanda aka tsara yawansu ya kai 9.500. Erlend Krogstad, a wani nazari na 2012, ya ja hankali ga wannan: gyaran da ake yabo da sunan kusantar jama'a, babban ɓangarensa sake gina ƙarfin bindiga ne.

4. Ranar 10 ga Maris 2003

An ayyana ƙarshen yaƙi ranar 18 ga Janairu 2002, aka yi zaɓe cikin Mayu ba tare da babbar fitina ba. Gwaji mafi tsanani ya zo bayan haka. Kotun musamman da gwamnati da Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa ta fitar da sammacin kame na farko, kuma ƴan sandan Saliyo ne za su zartar. Cikin sunayen akwai shugabannin R.U.F. irin su Issa Sesay da Morris Kallon. Akwai kuma Sam Hinga Norman, jagoran mayaƙan sa-kai na Kamajo waɗanda suka yi yaƙi domin Kabbah, wanda a ranar shi ne ministan cikin gida, wato ministan da ƴan sanda ke ƙarƙashinsa. Ranar 10 ga Maris 2003 aka kama shi a ofishinsa.

Ba za mu shiga gardamar ko ya dace a gurfanar da Norman ba. Da yawa a kudu suna ganinsa gwarzo, kuma ya rasu a Dakar cikin Fabrairu 2007 kafin a yanke hukunci. Abin da ya shafe mu shi ne cewa sirrin bai fita ba, umurnin kotu ya bi ta kan minista mai ci, kuma ƙasar ba ta kama da wuta ba. Shekaru goma kafin nan ba wanda zai yi tsammanin haka. Wannan rana ce ta nuna iyakar abin da aka cim ma. Ita ce kuma ta bar tambaya: da ɗan ƙasa ne a kujerar, wanda zai ci gaba da zama cikin mutanen bayan an gama, zai iya?

5. Bayan tafiyar baƙo

A tsakiyar 2003 Biddle ya miƙa muƙamin ga Brima Acha Kamara, ɗaya daga cikin jami'an da ya ɗauko, wanda ya riƙe shi har 2010. Miƙawar ta tafi lafiya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan muka kwatanta da wasu wurare. A Fiji, Andrew Hughes, ɗan Ostareliya da aka naɗa kwamishinan ƴan sanda cikin 2003, ya bar ƙasar a ƙarshen 2006 sa'ad da rikicinsa da shugaban soja ya ƙare da juyin mulki. A Saliyo kuwa dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka taɓa kai 17.500, sun janye cikin Disamba 2005, ƴan sanda suka riƙe tsaro, kuma cikin 2007 jam'iyya mai mulki ta faɗi zaɓe ta miƙa wa Ernest Bai Koroma na A.P.C. Daga baya ƴan sandan Saliyo su ma suka fita aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur da Somaliya.

Amma abubuwa biyu da suka riƙe gyaran sun tafi tare da mai su. Na farko kuɗi: shirin C.C.S.S.P. ya ƙare cikin 2005, aka mai da agajin ga fannin shari'a baki ɗaya, kasafin gwamnati kuwa bai isa gyaran motoci da na'urorin da aka bari ba. Na biyu kariya daga siyasa. Tsarin mulkin 1991 ya bar naɗin Sufeto Janar a hannun shugaban ƙasa, ya kuma sa mataimakin shugaban ƙasa ya shugabanci majalisar da ke kula da ƴan sanda. Dokar ƴan sanda ta 1964 ba a sake ta a zamanin Biddle ba. Ke nan katangar da ta tsaya tsakanin ƴan siyasa da bariki daga 1999 zuwa 2003 mutum ce, ba a rubuta ta cikin doka ba.

Sakamakon ya fi bayyana a O.S.D. A farkon 2012, shekarar zaɓe, gwamnati ta sayo wa sashen manyan makamai na miliyoyin daloli, har wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, Michael von der Schulenburg, ya kai maganar gaban Kwamitin Sulhu. Cikin Afrilu na wannan shekara, a Bumbuna, ƴan sanda suka buɗe wuta a lokacin yajin aikin ma'aikatan haƙar ƙarfe, mace ɗaya ta mutu, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta binciki lamarin ta zargi ƴan sanda da wuce iyaka. A binciken ƙungiyar Transparency International na 2013, kashi 84 cikin 100 na ƴan Saliyo da aka tambaya sun ce sun ba da cin hanci ga wata ma'aikatar gwamnati, adadi mafi yawa a ƙasashen da aka auna. Ranar 10 ga Agusta 2022, a zanga-zangar tsadar rayuwa, an kashe ƴan sanda 6 da fararen hula fiye da 20. Bayan wannan ne shugabannin ƴan sandan suka sake ɗauko batun sauyawa daga «runduna» zuwa «hidima», wato gardamar kalmar da aka kauce wa shekaru ashirin kafin nan.

6. Kammalawa

Mun ga cewa Kabbah ya naɗa baƙo ne domin ba shi da dangi ko ubangida a cikin ƙasar, kuma wannan rashi ne ya ba shi ikon rage muƙamai, tsallake manya, ladabtar da masu laifi, har da kame minista. Abin da ya ɗore daga aikinsa shi ne abin da ya sami masu shi a cikin gida: jami'an da ya horar, Sashen Tallafa wa Iyali, da ƙa'idar cewa tsaron cikin gida na ƴan sanda ne. Abin da ya dogara ga matsayinsa na baƙo da kuɗin ƙasarsa ya raunana bayan 2005. Rundunar bindigar da ya riƙe saboda larurar yaƙi ta zama gado ga gwamnatocin da ba su da irin takunkumin da shi yake da shi.

Ga ɗalibanmu masu sha'awar wannan fanni, akwai fili guda da masana siyasa suka bari, wanda kuma namu ne: abin da ke faruwa ga maganar mai ƙara tun daga bakinsa har zuwa takardar da alƙali zai karanta. Kwatanta yadda ake rubuta bayanin mai ƙara a Bo ko Kenema da yadda ake yi a Maraɗi ko Damagaram aiki ne da za a iya farawa da izinin kotu, da na'urar ɗaukar magana, da sanin harsuna biyu.